Ba Zan Rufe Kicin Ɗin Mahaifiyarku Ba

Zuwa ga 'yata Auta,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata gare ki, da maigidanki, da jikokina biyu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ya ba ki ƙarfin jiki a kan wannan aiki naki na yini a tsaye, ya raya yaran ya shirya su. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Goggonki ƙafar ta yi sauƙi, har ta fara fita unguwa ba sanda, bakin kuwa dama bai taɓa yin ciwo ba. Yayarki Malama an ƙara mata aji a makaranta, tana ta ƙorafi amma da gani tana jin daɗin abin. Yayanku babba da iyalinsa suna nan ƙalau. Ni kuwa, tun da a kaina ake ta kai-kawo, ki sani lafiyata ƙalau, ina cin abinci sau uku, har bel ɗina ya koma raminsa na da.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Da gangan na yi. A waya da na ɗauko magana sai ki tare ni da ban haƙuri, ki ce in kwantar da hankalina, kafin in ankara mun koma hirar yara. Takarda kuwa ba a katse ta, sai kin kai ƙarshe. Labari ya zo mini cewa ku uku kun yi taro a waya a kaina, kun yanke shawarar a kwashe ni a kai ni gidan yayanku, a sa wa gidan nan kwaɗo. Malama ce bakinta ya suɓuce, kada ki yi mata faɗa. Ta ce ke ce kika fi kowa matsawa, wai ba kya iya barci saboda tunanin ko ina kwana da yunwa ko wuta ta cinye ni. Na gode da wannan ƙauna, Allah ya yi miki albarka. Amma ba inda za ni, kuma ina so ki ji dalili daga bakina, tun da ba wanda ya tambaye ni kafin a yanke.

Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta ya haskaka makwancinta. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, kuma ba zan ɓoye miki ba, a tsawon shekarun nan abin da na iya a kicin bai wuce dafa ruwan shayi ba. Bayan an watse daga zaman makoki kin koma, sai yayarki da matar yayanku suka raba kwana, yau kula daga wannan gida, gobe daga wancan. Abincin ba laifi, Allah ya saka musu. Amma sai na zama mutumin da aikinsa jiran ƙwanƙwasa ƙofa. In kula ta zo da wuri in ci da wuri, in ta makara in zauna ina kallon agogo kamar majinyaci. Ina buɗewa in ci cokali huɗu in rufe. Abin da ya fi cin raina kuwa shi ne Asabar. Kin san yadda mahaifiyarku ta riƙe cin abincin yammar Asabar, kowa da kowa a teburin nan, mutum goma sha ɗaya in an cika, ba ta karɓar uzuri sai na ciwo. Tana rasuwa abin ya mutu, ba wanda ya ce a daina, kowa dai ya yi shiru. Teburin ya koma wurin ajiye takardun magani.

Ranar nan sai na ce bari in gwada da kaina. Na tsince wake na ɗora a wuta, sai matar maƙwabcinmu ta kawo keken ɗinkinta wai yana tsinka zare. Kin san ni da keke. Na shiga ɗan shagona na ƙofar gida, na kwance shi, na manta da duniya. Ban farga ba sai da maƙwabcin ya shigo da gudu yana kiran sunana. Ruwan ya ƙone, tukunya ta yi baƙi, wuta ta kama labulen taga ta lashe shi, bango ya yi baƙi ƙirin har sama. Shi ya kashe da jiƙaƙƙen bargo. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba, kuma na tsorata ƙwarai. Amma abin da ya biyo baya shi ne ban yarda da shi ba. Washegari ina banɗaki ina wanka yayanku ya zo, ya kwance tukunyar gas, ya sa a bayan mota, har da ashanar da ke kan kanta ya haɗa. Da na fito ya ce wai don lafiyata ya yi, kuma an fara gyara mini ɗaki a gidansa. A gidana, Auta, da tawul a wuyana, ɗan da na koya wa ɗaure takalmi yake gaya mini an hana ni kunna wuta.

Yana fita na sa hulata na nufi gidan Kuku. Ba lallai ki tuna shi ba, abokina ne tun muna samari, shi ne ya yi shekara talatin yana dafa wa ɗaliban makarantar kwana abinci, har sunan ya bi shi. Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya ce wane mahaukaci ne zai fara koyon girki da wake, abincin da ke son a zauna a yi gadinsa. Sannan ya ce mutumin da zai kwance keken ɗinki gunduwa-gunduwa ya mayar ba tare da ƙusa ɗaya ta yi saura ba, abin kunya ne a ce shinkafa ta gagare shi. Yana da tukunyar gas ta biyu a ajiye, ya ba ni aro. Muka ɗora ta a baro, muka turo ta tsakiyar layi da rana tsaka, tsofaffi biyu, ɗaya na turawa ɗaya na riƙe. Da gangan ban bi ta lungu ba. Ina so duk wanda zai kai wa yayanku rahoto ya gani da kyau.

Mako biyu Kuku yana zuwa kullum da hantsi. Bai koya mini abin burgewa ba. Ya ce mai zama shi kaɗai ba ya bukatar girki ashirin, biyar sun ishe shi in ya iya su sosai, kuma wahalar girki ba a wuta take ba, tana wurin tsayawa da yunwa kana tunanin me za ka dafa. Saboda haka muka juya bayan tsohuwar kalanda, na ja layi da rula, muka rubuta jadawalin mako, na manna a jikin firij. Lahadi da safe ina zuwa kasuwa da 'yar takardata, in sayo tumatir da tattasai da albasa da ganye da abin da za a bukata. In na dawo in markaɗa, in soya miya babbar tukunya guda, in bar ta ta huce, in raba a robobi huɗu masu murfi, kowace na rubuta mata rana da alƙalami. Litinin shinkafa da miyar. Talata taliya, in juye roba guda a kai da kifin gwangwani, minti ashirin an gama. Laraba dankali da ƙwai da kabeji. Alhamis wake, wanda nake jiƙawa tun Laraba don kada ya ja ni da nisa, ni da shi yanzu mun fahimci juna. Juma'a abin da ya rage a firij nake haɗawa, Kuku ya ce ranar sharar firij ke nan. Asabar kuwa na rubuta ta da jan biro, na bar ta ga iyali.

Kuma kada ki ɗauka ban koyi darasi daga gobarar ba. Na sa wa kaina doka biyu. Na ɗauko kujerar roba na ajiye a cikin kicin, in dai wuta na kunne, ina kan kujerar nan, ko wa ya yi sallama sai dai ya shigo ya same ni. Sannan tsohon agogon tebur ɗin nan mai ƙararrawa, wanda yake tashinku makaranta kuna zaginsa, na gyara shi na ɗora a kan kanta. Ina ɗora tukunya nake saita shi. Bangon ma ni na wanke na shafa masa fenti, tagar kuma na bar ta ba labule.

Da na ga hannuna ya ɗan faɗa, sai na kira kowa na ce Asabar mai zuwa a hallara kamar yadda aka saba, ni zan dafa. Goggonki ta ce wai me duniya za ta ce, dattijo mai 'ya'ya da suruka yana fama da ludayi, ai sai a ce an yar da ni. Na ce mata duniya ba ta zo ta tambaye ni ba lokacin da nake cin cokali huɗu ina rufe kula. Ranar kuwa suka zo. Ina leƙawa sai na ga yayanku yana fito da manyan kuloli biyu daga mota, wai ko da za a bukata. Na tsaya a bakin ƙofa na ce mutane su shigo, kuloli su jira a mota. Ya ce in bari mana, saboda yara. Na ce yaran ma jikokina ne, in abincina bai ciwu ba akwai burodi. Muka tsaya muna kallon juna har matarsa ta karɓi kulolin daga hannunsa ta mayar da kanta.

Gaskiya zan gaya miki, abincin ranar bai yi ba. Na saba dafa na mutum ɗaya, ban san na mutum goma wani lissafi ne daban ba. Shinkafar ta caɓe ta dunƙule, ana yankar ta da cokali kamar sabulu. Miyar gishiri ya yi mata yawa, don na sa, na manta, na ƙara. Kazar ce kawai ta fita kunya. Ana cikin tauna, sai ƙaramar 'yar yayanku ta ce shinkafar Kaka tana riƙe mata haƙori. Malama ta fashe da dariya har ta ƙware, kowa ya bi, ni ma na yi. Rabon da a yi dariya a teburin nan tun mahaifiyarku na da rai. Yayanku kaɗai bai yi ba. Da aka gama ya ce in gani da idona, wannan wahalar ba tawa ba ce, ɗaki yana can an gama fenti. Na ce ya nemi mai shiga, ni ina da ɗaki. Ya ce to shi ba zai riƙa kawo iyalinsa ana ƙarfafa mini gwiwa a kan abin da zai hallaka ni ba. Na ce ƙofa a buɗe take duk Asabar, mai zuwa ya zo, kuma ko ni kaɗai ne za a ɗora tukunya.

Asabar uku bai zo ba. Ta farko ni da Malama da yaranta da Kuku muka ci. Ta biyu Goggonki ta zo wai ta zo ganin ƙarshen abin, ta ci faranti biyu tana cewa albasa ta yi yawa. A ta uku sai ga matar yayanku da yara, ba shi. Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ba ta karɓi ludayi daga hannuna ba, kuma da ta karɓa da mun ɓata. Ta tsaya a gefe ta ce Baba in za a yi na mutane da yawa a wanke shinkafa sau uku, a auna ruwa da kofin da aka auna ta, a rage wuta da zarar ta tafasa, kuma kada a riƙa buɗe murfi ana leƙe. Na bi yadda ta ce. Ranar shinkafa ta fito wara-wara, ɗaya ba ta riƙe ɗaya ba. Ban san lokacin da na kira Kuku a waya na ba shi labari ba, kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Tun da na san za ku kawo zancen hawan jinin da nake fama da shi, na riga ku. Da ranar ganin likita ta zo, na ɓamɓare jadawalin daga firij na tafi da shi, Malama na gefe tana jin kunya. Likita ya karanta daga sama har ƙasa. Ya soke kifin gwangwani ya ce in mayar da shi ɗanye in an samu, ya ce in rage gishiri, in ƙara ganye ranar Litinin da Alhamis. Ya auna ni ya ce jinin ya fi na wancan zuwan kyau, nauyina kuma ya dawo. Ya ce da masu zuwa wurinsa za su tsara cinsu haka da aikinsa ya ragu. Na ce ya maimaita da ƙarfi yadda Malama za ta ji ta kai gaba.

Larabar da ta wuce da la'asar ina kan kujerata dankali na jiran fira, sai na ji motsi. Na ɗaga kai, yayanku ne a bakin ƙofar kicin da kayan aiki a jikinsa. Bai shigo ba, ya dafa ƙyaure ya tsaya. Sai a lokacin na lura tun rasuwar mahaifiyarku ban ga ya shiga kicin ɗin nan ba, in ban da ranar da ya zo ɗaukar gas. Can ya ce ranar gobara yana wurin aiki maƙwabci ya kira shi ya ce hayaƙi na fita daga gidan Baba, kuma bai san yadda ya tuƙo motar ba, abin da kawai yake faɗa a ransa shi ne zai binne uwa da uba a shekara ɗaya. Ya ce tun ranar in wayarsa ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. Na ce masa na ji, kuma ban raina tsoronsa ba. Amma in ya kai ni ɗakin nan mai sabon fenti, zan zauna a tsaftace, a ƙoshe, ba abin da zan yi sai jiran a kawo faranti a ɗauke faranti, kuma na ɗanɗana wannan zaman wata biyu na ga inda yake kai mutum. Na ce a nan ina da abin da zan tashi dominsa, Lahadi kasuwa, Laraba jiƙa wake, Asabar ku.

Na ga idonsa ya kawo ruwa. Akwai albasa a kusa, amma ban ba shi ba, don kada ya samu abin fakewa. Dankali na tura masa da wuƙa na ce ya shigo ya zauna. Ya shigo. Firar da ya yi, rabin dankalin ya tafi da ɓawo, na ce masa ashe akwai wanda na fi a gidan nan. Muka dafa, muka ci a nan cikin kicin, shi a kan kujerata ni a kan buhun shinkafa. Ya ƙara na biyu ba tare da na yi masa tayi ba. Kafin ya tafi muka daidaita. Zai sa mini na'urar nan da ke ihu in ta ji hayaƙi, maƙwabci zai riƙe mukulli ɗaya, kuma naman Asabar shi zai riƙa kawowa. Ni kuma na yi masa alkawari, duk ranar da na sake manta wuta duk da kujera da agogo, da bakina zan faɗa, ba zan ɓoye ba, sannan a zauna a yi shawara ina cikin ɗakin. Ya ce shi dai gwaji ya ɗauke shi na wata shida. Na ce ya yi ta ƙirga watanninsa, ni Asabar nake ƙirgawa. Jiya ya zo da iyalinsa duka, ya riga kowa zama.

Saura ke, Auta. Yayarki ta sauko tun tuni, yayanku ya sauko rabi, ke ce kike nesa kina hango ni a yadda kika bar ni ranar da kika tafi, tsoho a zaune ya rasa inda zai sa kansa. Wancan mutumin ya miƙe. Ban ce ki daina damuwa da ni ba, 'ya ba ta iya wannan. Amma daga yau in kina da magana a kaina, ni za ki kira, ba 'yan uwanki ba. Ki tambaye ni me na dafa, zan gaya miki har da abin da ya ƙone. Ban tsufa da jin shawara ba, amma ban kai a yanke mini hukunci ina banɗaki ba. Gidan nan ba za a sa masa kwaɗo ina numfashi ina gane gishiri da sukari ba. In Allah ya kawo ku hutu, ki shirya zuwanku ya haɗa da Asabar, kuma kada ki zo da niyyar karɓe mini kicin. Aikinki wanke-wanke, shi ne gurbin da ya rage ba mai shi.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina godiya da maganin ƙafar da ya aiko wa Goggonki. Ki shafa mini kan jikana Sarkin Surutu, ki ce na ji an ce ya fara karatu ba a taya shi, da 'yar ƙanwarsa Mai Kumatu, wadda har yau ban ɗauka a hannuna ba. Goggonki na gaishe ki, Malama da yaranta na gaishe ki, matar yayanku ta ce in gaya miki ta fi ki matsayi a wurina yanzu, kuma ban musa mata ba. Kuku ma ya ce a gaishe ki ko ba ki tuna shi ba. Ki riƙa sa mahaifiyarku a addu'a. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a inda kuke, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yau Lahadi, tumatir na can na jirana.

Naki har kullum,
Mahaifinki